Ina Ka Sauka, U Nyo Baw?

Da hantsin ranar Talata, 3 ga Disamba, 1996, kwana takwas bayan cikar watan Tazaungmon, numfashin U Nyo Baw ya tsaya a gidansa da ke gindin tudun Sagaing, yana da shekara saba'in da tara. Ya bar matarsa Daw Ohn Yin, da 'yarsu Nwe Yi, da jikoki uku. Ya kuma bar ni, Thaik Tun mai gyaran rediyo, ƙanin matarsa, wanda ya shekara hamsin da ɗaya yana tsokanarsa bai taɓa samun ya fusata ba. Tun muna yara aka koya mana cewa duk abin da ya haɗu zai watse, kuma na yarda. Sai dai yardar ba ta hana ƙirjina yin nauyi duk lokacin da na ga tabarmarka a naɗe a kusurwar ɗaki, Yaya Nyo.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Jama'a sun watse, an mayar da tukwanen aro, ni kuwa tambaya guda ta hana ni sakat: ina ka sauka, a wace duniya aka sake haifar ka? A wasu gidajen wannan tambaya ba ta da wani nauyi. A ce mutumin kirki ne, ya samu sabuwar haihuwa mai kyau, a wuce wurin. A gidanka kuwa shekara goma sha ɗaya ana rigima a kanta, kuma bakina ne ya kunna rigimar. Zan zo kan wannan, amma bari in fara faɗin ko wane ne kai, don jikokinka su sani.

Shekara talatin da huɗu ka yi kana aikin safiyo. Babu gonar gyaɗa ko ta riɗi tsakanin nan da bakin kogin Chindwin da ba ka ja sarƙar awo a kanta ba. Mutane suna tsoron ɗan safiyo, domin shi ne ke zuwa ya ce turken da kakan mutum ya kafa ba a wurinsa yake ba. Kai ba a ji tsoronka ba. Na tuna wasu 'yan'uwa biyu a hayin kogi da suka shekara shida ba sa gaisawa saboda giginya guda da ta tsaya a kan iyaka. Ka auna, ka sake aunawa, ka ga ta ƙaramin ce da taku ɗaya. Ka faɗi gaskiya ba ka rage komai ba. Sannan ka tambayi ƙaramin ko ya iya hawan giginya. Bai iya ba, babban ne mai hawa. Ka naɗe sarƙarka ka bar su tsaye a gindinta suna kallon juna. Har bara ana aiko maka da mazarƙwailar giginyar nan, da sunan su biyun.

Akwai kuma maganar Ko Pyu, mai jan maka sarƙa, wanda zazzaɓi ya kashe a daji lokacin kana kwance asibiti. An binne shi a can ba wanda ya karanta masa takardar sallama daga aiki, kamar yadda ake yi wa duk ma'aikacin da ya mutu don kada ya ci gaba da zuwa aiki bayan ya bar jiki. Matarsa ta rame ta lalace, tana cewa mijinta na can cikin ƙaya yana jan sarƙa ba hutu. Kana samun sauƙi ka sa farar rigarka ta ofis, ka yi kwana biyu a keken shanu cikin taɓon damina, ka tsaya a kan kabarin ka karanta takardar daga farko har ƙarshe, har da lambarta da kwanan wata. Da na tambaye ka ko ka yarda Ko Pyu ya ji, cewa ka yi ba ka sani ba, amma matarsa ta ji.

Da ka ajiye aiki, na ɗauka za ka zauna a shagona ka sha shayi ka dame ni da labarin iyakoki, kamar sauran tsofaffin ma'aikata. Sai ka kama hawan tudu, wurin Sayadaw, tsohon shugaban sufayen nan da ke koyar da tsayar da zuciya. Ya umarce ka ka yi faifan laka ka riƙa dubansa. Kowa kwaɓa tasa lakar yake yi ya shafa a kan ƙyalle, ya wuce. Kai kuwa ka je bakin kogin Ayeyarwady ka zaɓo jar laka, ka tace ta sau uku, ka fito da abin zana da'ira na ofis ka auna taƙi ɗaya da yatsu huɗu, ko gashi bai ƙaru ba. Yayata ta dube shi ta ce wainar da ba za a ci ba ce ta samu wannan gata.

Ni ban taɓa iya zama shiru na tsawon shan kofin shayi ba, amma ina da son jin ƙwaƙwaf, kuma ba ka taɓa gajiya da tambayoyina ba. Kakan zauna a kan bencina, ina lallaɓa cikin wata rediyo, kana yi mini bayani. Ka ce mutum yakan dubi faifan har ya zauna masa a zuci, ya rufe ido yana ganinsa. Daga nan zuciya ta riƙa lafawa mataki-mataki har huɗu, amma duk da haka akwai abin da ake kallo. Sai a faɗaɗa faifan a zuci, ya wuce ɗaki, ya wuce tudu, ya wuce kogi, har ya cika ko'ina. Sannan a yaye shi kamar yadda ake yaye tabarma, a dubi gurbin da ya bari. Wannan gurbin shi ne sarari marar iyaka, matakin farko na inda babu siffa.

Na ce to sai me? Ka ce sai a bar sararin, a juyo kan sanin da ya san sararin, a tarar shi ma ba shi da gefe. Na biyu ke nan. Na uku kuwa a saki sanin shi ma, a zauna da cewa babu komai. Na ce ai wannan gidana ne a ƙarshen wata. Ka yi dariya ka ci gaba. Na huɗun ne ya fi ɗaure mini kai, inda ba a ce akwai sani ba, ba a kuma ce babu ba. Na yi kwana uku ina juya shi, sannan na ce maka ko kamar rediyon da batirinsa ya kusa mutuwa ne, ka kara kunne ka kasa rantsewa magana yake yi ko shiru. Ka ce ban yi nisa da yawa ba, sai dai a can babu mai kara kunnen.

Ba ka taɓa faɗa wa kowa inda ka kai ba. Sau ɗaya, da na matsa maka, ka ce na ukun ya zama maka kamar hanyar kasuwa, na huɗun kuwa ka leƙa ba ka shiga ba. Abin da idona ya gani shi ne, na taɓa tarar da kai zaune a bayan gida, jajayen tururuwa sun yi layi a kan ƙafarka suna wucewa, ko gezau.

Ga inda laifina ya shigo. Wata ranar ibada na bi ka tudu, kana cikin zamanka, na samu Sayadaw shi kaɗai yana shan iska. Na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, wanda ya ƙware a waɗannan matakai, in ya mutu da su a hannu ina za shi? Ya ce duniyar marasa jiki, can sama da duk sammai. Kowane mataki da duniyarsa. Babu ido, babu hanci, babu hannu, zuciya ce tsagwaronta. Kuma ba da shekara ake ƙirga ran mutanen can ba, da duniya ake ƙirgawa: duniya ta tsiro, ta tsufa, ta ƙone, wata ta tsiro, ɗaya ke nan. Na farkon dubu ashirin, na biyu dubu arba'in, na uku dubu sittin, na ƙarshen dubu tamanin da huɗu.

Mai gyaran rediyo ne ni, don haka na tambayi abin da ya dame ni. Na ce, to kunne fa? Ya ce babu. Ko Buda mai zuwa, babban malamin da addininmu ke jira, ya bayyana ya yi wa'azi, mutanen can ba za su ji ba. Ya ce shi ya sa magabata ba su ɗauki wurin a matsayin ƙarshen tafiya ba. Hutu ne mai tsawo ƙwarai, in ya ƙare a faɗo a ci gaba da zagaye. Na ce mai gwanintar ba zai iya ƙin zuwa ba? Ya ce zai iya, in zuciyarsa ta karkata wani wuri a lokacin fita, amma wanda ya ɗanɗani irin wannan shirun da wuya ya zaɓi hayaniya.

Da mai hankali ne ni, da na haɗiye wannan magana. Sai na sauko tudu da saurina, na tarar da Yaya tana tsince ganye, na juye mata duka.

Duk wanda ya san gidan nan ya san kofin azurfarku. Tun ranar aurenku, duk sadakar da kuka yi, ko abincin sufaye ne ko rijiya ko rufin makaranta, tare kuke riƙe kofin nan, hannunta a ƙasa naka a sama, kuna ɗiga ruwa ana raba lada. Kowa ya san waɗanda suka zuba ruwa tare sukan sake haɗuwa a wata haihuwar. Ku kuwa har da ƙarin alkawari: ku riƙa haɗuwa haihuwa bayan haihuwa, har ku zauna gefe da gefe ku ji wa'azin Buda mai zuwa da kunnuwanku. Yayata ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma wannan alkawarin ta riƙe shi fiye da yadda wasu ke riƙe takardar gona.

Ta ajiye tiren ganyen. Ta tambaye ni duniya nawa na ce. Na ce dubu sittin, in na ukun ne. Ta ce in ta zuba ruwa ta kira sunanka ta ba ka lada, za ka ji ka ce madalla? Na ce ai Yaya babu kunne. Da ka dawo da yamma, ta tare ka a bakin ƙofa.

Ta ce, "Baban Nwe, ashe shirin gudu kake yi? Kai da ko inda wuƙar albasa take ba ka sani ba, kai ne za ka je ka zauna a babu komai? Ai babu komai ka daɗe da iyawa, ba sai ka hau tudu ba."

Ka ce, "Wa ya ce miki zan kai can, Uwar Nwe? Ni da gwiwa ke ciwo."

"Gwiwar ai ita ma bari za ka yi. Ka bar gwiwa, ka bar kunne, ka bar ni."

Ka dube ni. Na dubi ƙasa.

Daga ranar aka ɗaura yaƙi. Da ka shimfiɗa tabarma ka ajiye faifanka, sai turmin Yaya ya fara. Ban san gida ɗaya na iya cin barkono haka ba. In dakan bai yi aiki ba, sai ta zuba busasshen barkono da daddawar kifi a mai mai zafi, har maƙwabta su kama tari. Wani lokaci ta kira ka ka kori ƙadangaren da babu shi. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni na sa wa rediyonta babbar lasifika, ita ta roƙe ni, ni kuma ina son in ga ko sauti na iya kamo mutum daga sarari marar iyaka. Wani lokaci yakan kamo ka, wani lokaci ba ya kamowa. Na riƙa lura, na gane kiɗa ba ya taɓa ka, labarai ma haka, amma in ta yi tari na gaske kana buɗe ido. Ban faɗa mata wannan ba, don na san za ta kashe maƙogwaronta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ka taɓa ɗaukar tabarmarka ka koma tudu gaba ɗaya ba, ga ɗakunan halwa birjik a can. Kakan tashi daga zaman, idanunka jawur saboda barkono, ka ce mata abincin yau zai yi daɗi.

Nwe Yi ce ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ita nata tsoron daban ne. Ta ce uwarta na jan ubanta ƙasa, kuma wanda ya mutu zuciyarsa maƙale da gida, fatalwa yake zama a bakin ƙofa, ko tsaka a jikin bango. Ta ce gara ubanta ya yi nisa a wuri mai tsarki da ya dawo yana kama ƙwari a bayan fitila. Yaya ta ce tsaka dai tana da kunne. Suka yi wata biyu ba sa zama ɗaki ɗaya, kuma na kasa cewa wannan ce mai gaskiya, domin kowacce son ka take yi.

Bara, a shagona, na tambaye ka kai tsaye. Na ce, "Yaya Nyo, tsakani da ni da kai, in lokacin ya zo, tafiya za ka yi?"

Ka daɗe kana juya kofin shayi. Ka ce, "Thaik, shekara talatin da huɗu ina yawo mutane na nuna mini inda nasu ya ƙare na wani ya fara. Na gaji da turaku. Can ne kaɗai na je ban ga turke ba."

"To yayata fa?"

"Ban ce nan babu daɗi ba," ka ce. Ka tashi ka tafi ba ka shanye shayin ba. Ranar na tsorata, domin na gane kai ma ba ka san amsar ba.

Ciwon hanta ya kwantar da kai bayan bikin fitilu. Likita ya duba ya ce a kai ka gida. Kana ramewa, amma hankalinka garau, kuma ko a kwance kakan lafa ka yi nisa, numfashinka ya yi siriri har Nwe Yi ta kara madubi a hancinka. Duk lokacin da haka ta faru sai a ji turmi daga madafa. Dakan dai ya rage ƙarfi, domin mai dakan ita ma ba ta cin abinci.

Ranar Talatar na iso da sassafe na tarar da gidan wani iri. Sai da na tsaya a tsakar gida na gane abin da ya canza: babu ƙara ko ɗaya. An kai zakara gidan maƙwabta. An tura jikoki wurin kakarsu ta wajen uba. Turmin na kife a gindin tsamiya. Yaya ta tare ni ta miƙo mini rediyonta, ta ce in cire batirin in sa a aljihu. Ta yi wanka, ta sa zanenta na zuwa ibada. Da hannunta ta ɗauko faifan lakar da ta shekara goma sha ɗaya tana zagi, ta goge shi da gefen mayafinta, ta jingina shi inda idonka zai sauka a kansa.

Ni da Nwe Yi muna zaune a bakin ƙofa. Ta durƙusa kusa da kunnenka. Na ɗauka za ta tuna maka ayyukanka na alheri ne, kamar yadda ake yi wa mai shirin tafiya. Sai na ji ta gyara murya kamar mai karanta takarda a ofis.

Ta ce, "U Nyo Baw, mijin Ohn Yin. Daga yau Talata an sallame ka daga alkawarin kofi. Ka yi aikinka, ba a bin ka komai. Ka tafi inda ka ga ya fi maka." Ta ɗan tsaya, muryar ofis ɗin ta gudu ta bar ta. "Jiya na ga fuskarka lokacin da ka yi nisa, Baban Nwe. Ciwon ba ya bin ka can. Ka hau abinka. Ni zan ji wa'azin, in riƙe maka."

Ta ja da baya ta zauna, ta haɗe hannuwa, ba ta yi kuka ba don kada kukan ya riƙe ka. Ka dubi faifan. Idanunka suka rufe. Numfashin ya yi ta sirancewa har na daina ganin motsin ƙirjinka. Na zauna ina kallon mutum yana hawa matakan da ya zana mini a kan bencina, ina ƙirgawa a zuci, yanzu ya yaye faifan, yanzu yana sarari. Kunya nake ji in faɗa, amma ko a lokacin son sani bai bar ni ba. Muka zauna haka kamar tsawon dahuwar tukunyar shinkafa.

Sai ka buɗe ido. Ka juya su a hankali ka dubi rufi, ka dubi ƙofa, ka dube ta.

Ka ce, "Gidan nan ya yi shiru da yawa. Yau ba za a ci abinci ba ne?"

Ta ce, "Na sallame ka, ba ka ji ba?"

"Na ji. Takardar ba ta da lamba, ba ta da hatimi. Ban karɓa ba." Ka huta, ka tara numfashi. "Ina kofin?"

Nwe Yi ce ta ruga ta ɗauko, ita da ta fi kowa son ka hau. Ka ce a ba gidan sufaye faifan da tabarmar, sadaka, wani ya yi amfani da su. Yaya ta riƙe kofin, aka ɗora hannunka a kan nata, ni na tara kwano a ƙasa. Ta karanta kalmomin raba lada, leɓunanka na bin ta. Ruwan na ɗiga a kwanon, kuma na ga ka karkatar da kai wajen ƙarar. Kafin kofin ya ƙare hannunka ya yi nauyi a kan nata. Ba ta tsaya ba sai da ta ɗige shi tas.

Tun ranar nake juya abin. Shin ka hau ne ka leƙa ka sauko? Ko ba ka tafi ko'ina ba, kana kwance kana jiran turmi? Ka kai na ukun? Akwai wanda ya taɓa tsayawa a bakin babu komai ya ji kewar ƙaurin barkono? Da kana nan da na ɗora maka shayi na tsare ka sai ka faɗa mini. Wannan ne karo na farko da na kawo maka tambaya ba ka amsa ba, kuma yana yi mini ciwo fiye da yadda na zata.

Jiya bayan sufaye sun ci abinci na matsa kusa da Sayadaw na tambaye shi ina ka sauka. Ya ce shi ba ɗan safiyo ba ne da zai nuna mini wurin a taswira. Nwe Yi ta tambaye shi ko kana bakin ƙofa ko jikin bango. Ya ce mata wanda ya fita yana bayarwa ba irin wanda ya fita yana ƙanƙamewa ba ne, ta kwantar da hankalinta. Sannan ya juyo gare ni ya ce, tunda ni ne mai tambayar kunne, in riƙe wannan: mai niyyar zuwa inda babu ji ba ya karkata kai ya saurari ɗigon ruwa.

Da aka zo zuba ruwa, Yaya ta riƙe kofin ita kaɗai. Ta bar gurbin hannunka a sama ba ta rufe shi ba. Mutane sukan kira sunan mamaci a hankali, ita kuwa ta ɗaga murya har sufi ƙarami ya zabura. Ta kira ka sau uku ta ce ka karɓi rabonka. Muka amsa da madalla sau uku, na kasa kunne ko zan ji ta huɗu daga gare ka.

Yaya Nyo, ladan rijiyar da kuka haƙa, da giginyar da ta haɗa 'yan'uwa, da tafiyar kwana biyu cikin taɓo saboda matar Ko Pyu, duk su bi ka su yi maka rumfa. Duk inda ka sauka, wahala ta yi nesa da kai, tsoro ya yi nesa da kai. Ka samu iyaye masu taushin hannu da malami irin wanda ka bari. Shirun da ka ajiye saboda yayata ya jira ka, ka same shi ninki a ƙarshen tafiya, wanda ba a faɗowa daga gare shi. Abin da na yi maka na lasifika da dogon baki, ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nwe Yi da mijinta da 'ya'yansu, da abokan aikinsa na safiyo da suka zo daga nesa, da abokan zamansa na kan tudu. Nwe Yi, ubanki bai faɗo ba, saukowa ya yi da ƙafarsa. Ke kuma Yaya, ba ni da abin da zan faɗa miki wanda ba ki fi ni sani ba. Na mayar miki da batirinki.

Yau da hantsi na biya ta gidan. Tun daga bakin titi na jiyo turmi. Na leƙa na ce mata wa zai ci wannan barkono duka, ita kaɗai a gida? Ba ta ɗago ba. Ta ce ba ta san ta wace unguwa aka sake haifar ka ba, gara ta daka da ƙarfi.